Yadda Maganin Kaka Malam Ya Sauka Jidda Cikin Yaji

Zuwa ga duk 'yan gidanmu na Malumfashi, manya da yara, har da masu karanta saƙo su yi lamo kamar ba su gani ba. Ni ne Mus'ab ɗan Abdulhadi, naku na Madina, wanda kuke cewa Hausarsa ta jiƙe da Larabci. Kun dame ni da tambayar yadda muka ɗauko Kaka Malam daga Jidda. To ga labarin daga farko. Wanda zai karanta wa Hajiya Inna, uwargidan Kaka, ya bari sai ta ci abinci, kuma ya zauna inda hannunta ba zai kai ba.

Laraba, unguwarmu Ƙurban a Madina, ƙarfe huɗu da kwata na asuba

Abba ne ya kamata ya je tarbar mahaifinsa. Sai dai a ranar ce, ƙarfe goma na safe, malaman jami'a za su titsiye shi a kan littafin digirinsa na uku, abin da ya shekara biyar yana jira. Umma kuwa tana jego. Aka duba gidan kaf aka rasa babba, sai aka ce ni. Shekarata goma sha shida, amma da na ji haka sai da na duba madubi ko gemu ya fito.

Mai kai ni shi ne maƙwabcinmu Ammu Bakur. Ɗan ƙasar nan ne, kakansa ya tako daga Damagaram da ƙafa ya zo hajji bai koma ba. In Ammu ya fara magana da Hausa, da Larabci yake ƙarasa ta. Motarsa mai kujeru bakwai ce, ta girme ni, kuma ba ta tashi sai an yi mata Bismilla sau biyu.

A bakin ƙofa Abba ya miƙo mini ambulan, ya ƙi sakin ɗaya gefen.

"Kwafin takardun likitan Malam ne. Ka san ciwon dajin nan ya taɓa masa ƙashin baya. Maganinsa ba irin namu na ciwon kai ba ne, mofin ne. In ya wuce awa goma sha biyu bai sha ba, zama ma gagararsa yake. Burinsa ɗaya, ya tsaya da ƙafarsa ya yi wa Annabi sallama. Ka kawo mini shi da maganinsa. Ka ji?"

"Na ji, Abba."

"Maimaita."

Na maimaita. Sannan ya saki ambulan ɗin.

Abyar Ali zuwa Yutama

Mun yi sallar asuba a Abyar Ali, cikin masu ɗaura harami da ke ta faman kama zanen da ke zamewa. Biyar da rabi muka hau titin Hijira. Daga nan zuwa Jidda kilomita ɗari huɗu ne da 'yan kai, ba komai sai baƙin dutse hagu da dama, sai manyan motoci.

Don kada Ammu ya yi gyangyaɗi na kunna saƙon murya da Kaka ya turo mini tun jiya. Minti goma sha tara ne. Kun san shi, shekara talatin da biyu yana koyar da tarihi a sakandare. Ya yi ritaya, amma bakinsa bai samu takardar ba.

"Salamu alaikum, Balaraben gwangwani," in ji muryar Kaka. "An ce kai za ka tarbe ni. To saurara, kada ka ba ni kunya a gaban hukuma. Maganin da nake sha daga afiyun ake yin sa, wanda Turawa ke ce wa ofiyom. Ƙaro ne da ake tatsa daga kan wani fure. A da Ingila a Indiya take noma shi, ta kai ƙasar Sin ta sayar. Mutanen Sin suna sha suna lalacewa. Da sarkinsu ya ce a daina, sai aka zo masa da jiragen yaƙi. Ana nan, a shekarar 1909, Amurka ta kira zama a birnin Shanghai. Ƙasa goma sha uku suka zo."

"Ɗayyib, suka hana?" in ji Ammu, yana tambayar wayar.

"Kada ka zaci hanawa suka yi," in ji Kaka, kamar yana kujerar baya. "Tun kafin a zauna manyan suka ce su ba sa hannu ya kawo su ba, bincike suka zo yi. Kowa ya faɗi nawa yake nomawa, nawa yake sayarwa, nawa mutanensa ke sha. Kusan mako huɗu suna otal. Mai sayarwa ya ce laifin mai sha ne, mai sha ya ce laifin mai sayarwa ne. Turkawa kuwa, waɗanda Madinarku ke hannunsu a lokacin, an gayyace su ba su je ba, su ma suna noma abinsu. Aka tashi da shawarwari, kowa ya kama gabansa."

Ammu ya bugi sitiyari. "Wallahi sak kwamitin masallacinmu a kan gyaran mukayyif, na'urar sanyi! Shekara uku muna bincike, muna shan zafi!"

"Bayan shekara uku," in ji Kaka, "aka sake zama a Hague, can ƙasar Holan. Nan ne aka sa hannu."

Dariya ta sa Ammu ya kusa bin wata tirela zuwa Yanbu. Sauran saƙon kuwa umarni ne: in sa riga mai tsabta, in yi aski, kada in tauna cingam a gaban jami'i.

Wadil Fara'a, ƙarfe bakwai da minti goma

Nan muka tsaya karin kumallo a wani gidan mai. Burodin tamis biyu mai zafi riyal huɗu, waken ful riyal shida, shayi da madara riyal biyu-biyu. Muka baje a kan bonet. Ban kai loma ta uku ba sai ga birai sun gangaro daga kan dutse. Babbansu ya kai Ammu ƙiba, ya kuma fi shi gashin kai. Ya dube ni, ya dubi tamis, ya dubi ambulan da ke hammatata. Na ga yana nazari. Nan take na cafke ambulan da haƙora, na miƙa masa tamis da hannu biyu kamar mai kai gaisuwar surukai. Ya karɓa bai ce komai ba.

"Ya walad, ka ba shi abincinka?"

"Ammu, in ya ɗauki takardun, kai za ka hau dutsen ka yi masa bayani?"

Gaba kaɗan akwai shingen jami'an hanya. Suka duba katin Ammu, suka duba iƙamata, wato katin zamana a ƙasar.

"Ina zuwa?"

"Jidda, za mu ɗauko shaiba, tsohonmu," in ji Ammu.

Jami'in ya leƙo ya ga ambulan a ƙirjina da shatin haƙora a jiki, ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya ɗaga mana hannu.

Filin jirgin Jidda, ƙarfe goma saura kwata

Jirgin Kano ya sauka goma da rabi. Na tsaya a bakin ƙofar fitowa na ga Hausawa iri-iri: masu jaka biyar, masu jaka tara, da wata baiwar Allah da na rantse har turmi ta turo. Sha ɗaya ta yi, ba Kaka. Sha biyu ta yi, ba Kaka. Ammu ya fara cewa ko tsohon ya tsaya koya wa matuƙin jirgi tarihi ne.

Sha biyu da kwata wani jami'in kwastan ya fito yana kiran sunana. Ya ce tsoho na ciki, ana neman mai fassara, don Turancin tsohon ya fi ƙarfinsu, Larabcinsu kuma ya fi ƙarfinsa. Ya karɓi iƙamata ya rataya mini kati. Ammu ya ce zai jira a waje yana mini addu'a, ya nufi wurin masu kofi.

Ofishin kwastan

Kaka na zaune a keken guragu na filin jirgi, cikin farar babbar riga, hula zanna ta zauna daram. Ya rame. Rabona da shi shekara huɗu, wuyansa ya zama kamar nawa. Na durƙusa na kama hannunsa.

"Balarabe, ka yi tsawo. Hankalin fa, yana hanya?"

"A jirginku aka ce zai zo, Kaka. Ko ka manta shi a Kano?"

Ya ja mini kunne. Na san dai shi ne.

Ga abin da ya faru. Duk fasinjoji sun bi ƙofar waɗanda ba su da abin bayyanawa. Kaka ya umarci mai tura shi ya bi ɗaya ƙofar. Ya ɗaga takardunsa sama kamar tuta, ya sanar cewa yana ɗauke da mofin bisa doka. Babban jami'in wurin, wani naƙibi, wato kyaftin, dogo baƙi mai ɗan gemu, ya karanta takardun ya ce madalla, da kowa haka yake da sun huta. Sai a nuna maganin. Kaka ya zuge ƙaramar baƙar jakarsa. Carbi. Tabarau. Asuwaki huɗu. Rediyo. Babu magani. Ƙwaya ɗaya da Hajiya Inna ta ƙulle masa a hankici ya sha ta a jirgi da ƙarfe shida, ta ce masa sauran na cikin kaya.

Na kira Hajiya Inna, na buɗe murya kowa ya ji.

"Angona! Kun haɗu da tsohon?"

"Mun haɗu. Hajiya, ina maganinsa?"

"Kai, yi a hankali! Da mutane a kusa?"

"Mutum biyar, duk da kaki."

"To matsa gefe." Ta rage murya, irin ragewar da ake ji daga Bakori. "Yana cikin yaji."

Kaka ya rufe ido.

"Wane yajin, Hajiya?"

"Yajin jegon uwarka mana, tiya guda na daka mata. Matan unguwa suka ce Larabawa ƙwace magani suke yi, kuma takardar nan mai ƙyalli na'urarsu ke hangowa. Sai na ɓare su tas, na ƙulle a leda, na tura can tsakiya. Ko aljani ba zai gani ba."

"Kwalin fa, mai sunansa a jiki?"

"Na hura wuta da shi. Ka ce ban iya ba?"

Naƙibi ya dube ni ya tambaya da Larabci me ta ce. Na yi tunanin Abba, na yi tunanin gidan yari, na yi tunanin ko ana ba fursuna tamis. Na ce, "Ta ce tana gaishe ku da aiki."

"Muna amsawa," in ji shi da Hausa tsaf. "A buɗe yajin."

Ashe kakarsa Bahaushiya ce, tana nan Makka da ranta. Tun shigowata yana jin komai. Na nemi ƙasa ta tsage, amma tayil ɗin filin jirgin nan mai kyau ne.

Aka kwance ƙullin yaji a kan tebur. Ledar Hajiya ta kwance tun a hanya, ƙwayoyin sun watsu ciki. Aka kawo faranti da rariya. Jama'a, ku da kuka san yajin Hajiya Inna, ku tausaya wa bayin Allah da ba su taɓa haɗuwa da shi ba. Jami'i na farko ya yi atishawa hularsa ta faɗi. Na biyu ya fita da gudu yana kiran uwarsa. Aka shigo da karen da ke shinshina kaya, ya matso, ya ja numfashi ɗaya, ya koma bayan mai shi ya kwanta. Ina jin a ranar ya ajiye aiki. Na'urar sanyi ta ɗebi ƙurar ta raba wa sauran ofisoshi, muna jiyo atishawa tana tafiya ɗaki-ɗaki har ta kai wurin masu buga biza. Kaka kaɗai bai yi ba. Shekara hamsin yana cin abin.

Aka tsince ƙwayoyin ɗaya-ɗaya, duk sun yi ja kamar an shafa musu lalle. Aka ƙirga, aka gwada da takarda, ba ƙari ba ragi. Aka yi waya sama, aka jira, aka sake waya. Sai ƙarfe uku naƙibi ya zauna gaban Kaka, idonsa na zubar da ruwa.

"Baba, ba za mu tsare ka ba. Kai ka kawo kanka, takardunka na gaskiya ne. Amma ƙwaya ba kwali, ba suna, ba lamba, ba wanda zai shaida mece ce. Ba za ta shiga ba. Za ka sa hannu mu riƙe. Ka kai takardunka asibiti su rubuta maka wani."

Na manta ni mai fassara ne. Na fara roƙo da Larabci, da Hausa, har da wani yare da ban san na iya ba. Na ce ko guda biyu a bar masa, mu wanke. Na ce ƙarfe shida maganin jikinsa zai sake shi.

"Mus'ab," in ji Kaka. In ya kira sunana na gaskiya, to ba wasa. "Shekara talatin da biyu ina koya wa 'ya'yan mutane dokar nan, ina yabonta. Yau ta biyo ta kaina sai in ce ta kauce? Ba ni biro."

Kafin ya sa hannun sai da ya yi wa naƙibi darasi. Ya ce a Hague ne aka ce ba ɗanyen afiyun kaɗai ba, har mofin sai an sa masa ido, a bar shi ga likita da mai ciwo. Ya ce ƙasashe sun yi ta jan ƙafa, kowa na jiran maƙwabcinsa ya fara, sai bayan babban yaƙin duniya na farko aka cusa ta cikin takardar sulhu, dole kowa ya karɓa. Ya ce wannan tebur da wannan rariya duk jikokin zaman nan ne. Naƙibi ya saurara har ƙarshe, yana share hanci. Kaka ya zana sa hannunsa mai kama da ƙugiya uku, ya ce, "A Shanghai sun kasa. Ni na sa."

Yajin ma aka riƙe. Umma dai sai haƙuri.

Hindawiyya, gidan Khala Maryama

Daga filin jirgi asibiti muka wuce kai tsaye, muka isa huɗu da rabi. Likitan da ke bakin aiki ya karanta takardu, ya duba Kaka, ya ce irin wannan magani babbar likita ce kaɗai ke rubuta shi, kuma sai gobe ƙarfe takwas. Ya yi masa wata allura da ya ce za ta ɗan rage. Na kira Abba na faɗa masa. Ya ce zai taho yanzu. Kaka ya karɓe wayar ya ce in ya taho sai ya saɓa masa. Ya tambayi yadda aka yi da malaman. Abba ya ce ya ci, da daraja ta ɗaya. Kaka ya ce ai dole, ɗan wa ne.

Muka sauka gidan Khala Maryama, yayar Ammu, nan cikin Jidda, a wani lungu da mota ke shiga da numfashi a riƙe. Ta yi mana shinkafa da kaza da miyar kuka a gefe, wai don baƙo ya ji gida. Na ci faranti biyu saboda tashin hankali.

Bayan magariba allurar ta fara sakin Kaka. Aka kwantar da shi a katifa a falo. Bai yi kuka ba, bai yi nishi ba. Zufa kawai, da hannunsa da ya damƙe gefen katifa har jijiyoyi suka tashi. Ammu ya yi ta kai da komo, sannan ya tsuguna kusa da shi.

"Ya ammi, na san wani a bayan kasuwa. Yana da irinsa. Rubu'in sa'a, minti sha biyar, in je in dawo, ba wanda zai sani."

Wallahi na so Kaka ya ce to. Ban ɓoye muku ba.

"Bakur," in ji shi, yana cije kalmomin, "Allah ya saka. Amma tsakanina da yaran da ke kwance a kwata, takarda ce kawai. Ba zan shiga garin Annabi da abin bayan kasuwa a cikina ba." Ya juyo da kai. "Balarabe, zo. Jarrabawa. Ka ji saƙona?"

"Har ƙarshe."

"Ƙasa nawa suka je Shanghai?"

"Goma sha uku."

"Lissafo."

"Malumfashi, Funtuwa, Bakori, Ƙanƙara..."

"Kai! Jakin ina ne wannan?"

"Ban gama ba, Kaka. Dayi, da Gora."

"Wa ya kira zaman?"

"Hajiya Inna."

Ya ɗago kai daga matashi, abin da ya kasa yi tun ɗazu. Ya fara da Amurka, ya bi da Sin, Ingila, Faransa, Jamus, Japan, Farisa, Siyam, yana yi yana zagina. Duk inda ya tsaya sai in jefa wata ɓarnar. Na ce a Hague ɗin nan ake yin kilishi. Na ce Turkawa ba su je ba ne saboda motarsu irin ta Ammu ce. Ya ce a duk ɗaliban da ya koyar, har da wanda ya rubuta cewa Bature ne ya haƙa kogin Kwara, ba a yi daƙiƙi kamata ba. Khala Maryama tana bakin ƙofa tana dariya tana goge ido da gefen mayafi. Mun yi haka har aka kira isha. Abin da ya biyo baya kuwa ba zan rubuta ba. Gari dai ya waye.

Alhamis, asibiti, ƙarfe takwas saura minti ashirin

Mu muka buɗe musu ƙofa. Babbar likitar 'yar Sudan ce, mai tabarau a kan hanci. Ta karanta takardun Kano layi-layi, ta danna bayan Kaka, ta aika shi hoto, ta dawo ta tambayi ina maganin da ya zo da shi. Na ce yana hannun hukuma. Ta ce me ya sa. Na ce labarin na da tsawo kuma yana sa atishawa.

Ta rubuta a wata takarda ta daban mai lamba, ta sa hannu, ta buga hatimi. Wani likitan ya sake sa hannu. A ɗakin magani aka duba fasfo, aka buɗe wani akwatin ƙarfe da makulli biyu, aka rubuta a babban littafi. Kaka, da ko gaisuwa bai iya amsawa ba tun asuba, ya ɗaga yatsa ya nuna akwatin.

"Ka gani? Hague."

Ya sha ta farko ƙarfe goma da minti biyar. Na zauna ina kallon fuskarsa kamar mai jiran ganin wata. Sha ɗaya saura, goshinsa ya saki. Sha ɗaya da kwata ya ce wai ba a karyawa ne a ƙasar nan? Na fita da gudu na sayo masa mutabbaƙ na riyal takwas, na kusa rungume mai gadi a hanya.

Kwalin kuwa, da sunansa a jiki, na sa a aljihun gaban rigata na maƙale da fil biyu.

Jirgin ƙasa, ƙarfe ɗaya da rabi

Likita ta hana shi zaman mota na awa huɗu, don haka Ammu ya sauke mu a tasha ya kama hanya da jakunkuna. Jirgin nan gudu yake kamar an ce masa gidansu na ci da wuta. Allo ya nuna kilomita ɗari uku a awa, Kaka ya ce ƙarya ne, ai shayinsa bai motsa ba.

Magani ya zauna, baki ya dawo. A kujerar da ke fuskantarmu akwai wani dattijo mai farar hula da ɗan siririn gemu. Kaka ya sa na tambaye shi ƙasarsa. Ya ce Sin. Kaka ya kusa tashi tsaye.

"Gaya masa ina yi musu jajen abin da aka yi musu a kan afiyun. Gaya masa ni ma jiya na ɗanɗana."

"Kaka, ba na jin Sinanci."

"To me kake ji? Me ake koya muku?"

Ya kama hannun mutumin da hannu biyu ya girgiza. "Shanghai!"

"Shanghai!" in ji dattijon, da murna, ko da yake ya nuna da hannu cewa garinsu na can nesa da nan. Ya ciro busasshen tuffa ya ba mu. Kaka ya ba shi asuwaki ɗaya. Suka yi hira ta minti arba'in, ɗaya da Hausa ɗaya da Sinanci, kowa na gyaɗa kai. Daga baya Kaka ya ce mini mutumin ya fi ni fahimta.

Da duwatsun Madina suka fara bayyana sai Kaka ya gyara zama. Ya gyara hula. Ya tambaye ni ko rigarsa ta yamutse.

Madina, ƙarfe uku da rabi

Abba na jiranmu a tasha da keken guragu da ya aro. Ya durƙusa, Kaka ya dafa kansa ya ce, "Dakta." Abba ya miƙe. Ya dube ni, na buga aljihuna, kwalin ya yi ƙara. Ya gyaɗa kai.

Abba ya ce a je gida a huta, gobe a je Harami, masallacin Annabi. Kaka ya ce shi bai san gobe ba. Muka wuce. Muka samu la'asar a farfajiya, ƙarƙashin manyan lemomin nan. Aka tura shi har bakin ƙofar Babus Salam. Nan ya ce a tsaya.

"Malam, akwai cunkoso," in ji Abba. "Ana shiga da keke."

"Na sani."

Ya dafa kafaɗata ya miƙe. Nauyinsa bai kai na jakar makarantata ba. Muka shiga cikin jama'a, taku ɗaya, hutu ɗaya, Abba na baya ya buɗe hannuwa. Da muka zo daidai wurin da ake yi wa Annabi sallama, ya ɗauke hannunsa daga kafaɗata. Ya tsaya shi kaɗai. Mutumin da ya yi wa kwastan darasi, ya yi wa Basine hira, ya buɗe baki sau biyu kafin sallamar ta fito, a hankali, ko ni da ke gefensa da ƙyar na ji. Askarin da ke cewa a wuce, a wuce, ya dube shi ya kau da kai, ya bar shi ya gama.

Ƙurban, bayan magariba

Mun iso gida lafiya. Ammu ya riga mu da kaya, yana ba Umma labari, ya mai da biran nan zakuna. Kaka ya karɓi jaririya ya yi mata addu'a, ya ce ta fi ni kama da mutane. Ya sha kunu ya kwanta.

Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Godiya ga Ammu Bakur da motarsa, da Khala Maryama da katifarta, da likitar da ta zo aiki a kan lokaci, da naƙibin da bai ɗaure ni ba a kan fassarar ƙarya.

Hajiya Inna ta kira ni ɗazu. Ba ta ce angona ba. Muryarta ta dushe, Anti Rabi da ke tare da ita ta ce tun jiya ba ta sa komai a bakinta ba.

"Mus'abu, ka gaya mini gaskiya. Ya tsaya?"

"Ya tsaya, Hajiya."

"Da ƙafarsa?"

"Da ƙafarsa. Ba wanda ya riƙe shi."

Sannan ta rangaɗa guɗar da ta tashi jaririya, ta tashi Kaka, ta sa maƙwabcinmu na sama ya leƙo ta taga yana tambaya ko an sake haihuwa ne.